Noma a tsakiyar birni ba hauka ba ne, amma a rage cika baki

Kwanakin baya na raka wani abokina gidan ɗan'uwansa. Maigidan yana da 'ya'ya tara, da shi da uwargida su goma sha ɗaya ke nan. Gidan a ƙwaryar birni yake, gaba titi, hagu da dama katangar maƙwabta. Amma a bayan gida, inda wani zai malala siminti ya ajiye mota, su sun yanka fangali: ga tumatir, ga albasa, ga kabeji da karas, wake ya kama igiya yana hawan katanga. A lungu ɗaya akurkin kaji, kusa da shi kejin zomaye, sannan tankuna biyu a ƙarƙashin indararo suna jiran ruwan sama.

Maigida ya zagaya da mu yana nuna wannan yana nuna wancan. Da za mu tafi ya ce, "In Allah ya yarda, nan da shekara biyar mun daina sayen abinci a kasuwa."

Ko kwanar layin ba mu sha ba abokina ya fashe da dariya. "Malam, ka ji fa! Mutum ya tara 'ya'ya tara, ciyarwa ta gagare shi, ya koma wasan ƙasa. In noma yake so ba ga ƙauye can ba?"

Maganganun biyu duk sun tsaya mini a rai, amma ta abokina ta fi ba ni haushi. Maigidan ya yi kuskuren lissafi ne kawai, domin filin nan ba zai taɓa ciyar da mutum goma sha ɗaya ba, ko shekara hamsin za a ba shi. Shi kuwa abokina kuskuren fahimta ya yi, wanda ya fi muni. A ganina duk gidan da ke da jama'a da yawa a birni, in yana da ko taku goma na fili, ya kamata ya yi irin abin da mutanen nan suke yi, kuma ya kamata hukuma da maƙwabta su ba shi sarari. Abin da za a jefar shi ne wancan buri na rabuwa da kasuwa kwata-kwata.

Lissafin da maigidan bai yi ba

Bari in fara da ɓangaren da masu dariya suke da gaskiya, don kada a ce na rufe ido.

Ciki ba ya cika da ganye. Abin da ke riƙe mutum shi ne hatsi da mai da dangoginsu. A ƙaddara kowane mutum a gidan, babba da yaro, yana buƙatar kalori (wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,000 a yini. Mutum 11 za su buƙaci 22,000 kullum, wato wajen miliyan 8 a shekara. Kilo ɗaya na hatsi yana ba da kalori kusan 3,500. In ka raba za ka ga gidan na buƙatar fiye da tan 2 na hatsi duk shekara. Matsakaicin abin da hekta ɗaya ke bayarwa a duniya kuwa yana kusa da tan 4. Ke nan sai an sami fiye da rabin hekta, murabba'in mita 5,000 da ɗoriya, kafin a yi maganar mai da nama da kayan miya.

Filin da na gani da ƙyar zai kai murabba'in mita 200.

Tumatir kuma, duk kyansa a ido, kilo guda bai kai kalori 200 ba. Sai mutum ya ci fiye da kilo 10 a yini kafin ya sami abin da jikinsa ke nema. Latas ma bai kai tumatir ba.

Kajin ma akwai ƙura a lissafinsu. Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 na abinci a rana. Kaji 12 za su lashe kusan rabin tan a shekara, kuma wannan abincin daga kasuwa zai fito, wani manomi ne can nesa ya noma masararsa. Guntun abinci da ganyen lambu suna rage nauyi, amma ba sa ɗauke shi. Wanda ya ce yana cin ƙwan gidansa bai dogara da kowa ba, ya manta da buhun da ke jingine a bayan ƙofa.

Akwai wani gida da duk masu sha'awar wannan harka suke kafa hujja da shi, gidan Jules Dervaes a Pasadena, jihar Kalifoniya ta Amurka. Shi da 'ya'yansa uku sun mai da kashi ɗaya cikin goma na eka, wato murabba'in mita 400 ko kusa da haka, lambun da ke ba da fiye da kilo 2,700 na kayan lambu da 'ya'yan itace a shekara. Abin jinjina ne ƙwarai. Amma a lura da abu uku. A lokacin su huɗu ne, dukansu manya, kuma lambun shi ne sana'arsu. Yanayin garin yana barin a yi shuka kusan duk shekara. Sannan duk da haka suna sayar da wani kaso ga gidajen cin abinci, su sayi irin su fulawa da shinkafa da kuɗin. In waɗannan ba su rabu da kasuwa ba, ban ga yadda mai 'ya'ya tara da aikin ofis zai rabu da ita ba.

To, ina amfanin wahalar?

Nan ne abokina ya ɓata hanya. Ya ɗauka cewa in abu bai yi komai da komai ba, to bai yi komai ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe gida mai jama'a ya san inda kuɗi ke zurarewa. Hatsi ana sayen buhu a ajiye, an san ranar ƙarewarsa. Abin da ke cinye aljihu a ɓoye shi ne cefanen kullum: kayan miya, ganye, ƙwai, ɗan abin marmari na yara. Su ne masu saurin lalacewa, su ne farashinsu ke rawa da yanayi da kuɗin mota. Kuma in hannu ya yi ƙunci su ake fara yankewa. Ba a daina dafa shinkafa, amma miya tana tsinkewa, ƙwai ya ɓace daga kwanon yara. Yaro ya ƙoshi, jikinsa bai samu abin gina shi ba.

Waɗannan ɗin kuwa su ne daidai abin da ƙaramin fili ya iya. Kaji 12 masu ƙuruciya suna iya ba da ƙwai 8 ko 9 a rana. A gidan da ke da yara tara, kusan kowane yaro ya samu guda ke nan. Fangali biyu na ganye, in ana yanka ana bari ya toho, za su riƙe tukunya wata da watanni. Zomo cikinsa wata ɗaya ne, ba ya kuka, ba ya cin wuri.

Tarihi ma haka ya nuna. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an ƙiyasta lambunan gida da na unguwa a Amurka sun kai miliyan 20, kuma suna samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun da ƙasar ke ci. Ingila ta yi irin wannan gangamin tun 1939, har filayen shaƙatawa aka kafta. Da Tarayyar Sobiyet, wadda ƙasar Kuba ta dogara da ita, ta rushe a 1991, Kuba ta wayi gari cikin matsanancin ƙarancin man fetur da takin zamani, sai mutanen Habana, babban birnin ƙasar, suka shiga cika kangaye da fangalin ƙasa da taki. Birnin ya sami ganye da kayan miya, ya rage raɗaɗin yunwa. Amma har gobe Kuba daga waje take sayo kaso mai yawa na shinkafa da alkamarta. A duk wuraren nan lambun birni ya toshe ɓaraka ne, bai maye gurbin gona ba. Kuma toshe ɓaraka ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ruwa ke zuba a kansa.

Ba sai an je nesa ba ma. A 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, kamfanonin sayar da iri a ƙasashe da dama sun kasa biyan buƙata, har wasu suka dakatar da karɓar oda. Kowa ya tuna da shuka a rana ɗaya. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar lambu tana ɗaukar shekaru kafin ta yi kyau, hannun mai shuka ma haka. Shekarar farko yawanci ta koyon asara ce.

"Ya koma ƙauye mana"

Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Aikin mutumin a birni yake, makarantar yara a birni take. Fiye da rabin mutanen duniya yanzu a birane suke zaune, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen za su kai kusan kashi 68 cikin 100 nan da 2050. Duk waɗannan za a ce musu kada su taɓa ƙasa sai sun yi ƙaura? Wanda ya ware shuka ya ce ta ƙauye ce, siminti na birni, ra'ayinsa ne kawai. A ƙarni na 19 manoman lambu a cikin Paris da gefenta suke nomansu da kashin dawakan birnin, har su sayar da rara.

Yawan 'ya'ya: nauyi ne ko hannaye?

Abin da ya fi sosa mini rai a dariyar abokina shi ne yadda ya haɗa ta da yawan 'ya'yan mutumin, kamar lambun hukunci ne na laifin haihuwa. Mutum nawa ya kamata a haifa, wannan muhawara ce ta daban, ba ita na zo yi ba. Yaran nan an riga an haife su, suna nan, za su ci abinci gobe da safe. Tambayar ita ce yaya za a yi da su.

Gaskiyar magana, irin wannan aiki ya fi dacewa da babban gida fiye da ƙarami. Lambu ba ya son ƙarfi, naci yake so. Ban ruwa safe da yamma, cire ciyawa, duba ƙarƙashin ganye ko tsutsa ta sauka, kwashe ƙwai, share akurki. Ƙananan ayyuka ne da ba sa ƙarewa, ba sa kuma jira. Mata da miji su biyu masu fita aiki, mako ɗaya na rashin lafiya ko tafiya ya isa ya kashe musu komai. Gidan mutum goma sha ɗaya kuwa kullum akwai wani a gida. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Haka kuma babban gida ba ya rasa mai ci. Matsalar ƙaramin mai lambu ita ce tumatir ya nuna gaba ɗaya a mako guda ya rasa yadda zai yi da shi. A nan kuwa tukunya biyu ta gama da shi, abin da ya ragu a yanka a shanya. Sharar kicin ɗinsu ma dukiya ce: ɓawon kayan miya na mutum goma sha ɗaya ya isa ya ciyar da ramin taki, ruwan wanke kayan miya ya koma gindin shuka.

Amma a nan akwai abin da nake tsoro, kuma na gan shi da idona. Lokacin da maigida yake mana bayani yana cewa "mun yi, mun shuka, mun gina," wadda na gani a duƙe da bokiti ita ce babbar 'yarsa, yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyar. Uwargida kuma tana can tana yanka abin shanya, ga goyo. Burin na uba ne, bayan da ke ciwo na uwa da 'ya ne. Haka abin yakan kasance a gidaje da yawa, sai a yaba wa mai mafarkin a manta da masu ɗaukar bokiti.

Na tambayi yarinyar ko tana son aikin. Ta saci kallon mahaifinta, ta ce, "Ina son zomayen. Ban ruwan ne dai Baba ya ce kowa da ranarsa, amma su Yaya kullum sai su ce suna da karatu."

Maigida ya yi dariyar jin kunya. Ni ban yi ba.

Koya wa yaro aiki alheri ne. Yaron da ya ga iri ya zama tsiro, ya ga tsutsa ta cinye aikin wata biyu, ya san abinci ba a kanti yake tsirowa ba, kuma da wuya ka ga yana zubar da shi. Amma in lambu ya fara cin lokacin karatu ko barcin yaro, ko ya zama an jibga wa mata su kaɗai, to ribar ƙwai ba ta biya asarar ba. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa nake adawa da burin daina zuwa kasuwa. Mai neman rage cefane zai iya cewa bana fangali huɗu sun ishe mu, jarrabawa ta matso. Wanda ya ɗaura wa kansa alkawarin ciyar da gida kacokan daga bayan ɗaki ba shi da wurin tsayawa. Kullum gani zai yi an gaza, kuma iyalinsa ne za su biya.

Maƙwabta ma suna da hakki

Wani zai ce, kai da kake yabo, ba kai ne katangarka ke jingine da akurkin ba. Gaskiya ne. Wari, ƙuda, ɓeraye, carar zakara da tsakar dare, duk ƙorafi ne na gaske. Sai dai kusan dukansu na ƙazanta ne da rashin sani. Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, sai in ana son ƙyanƙyasa, shi ya sa birane da yawa a Amurka suka yarda da kaji 'yan kaɗan suka hana zakara. Akurkin da ake zuba wa busasshiyar shimfiɗa ana kwashewa ba ya wari. Abincin kaji in yana cikin mazubi mai murfi ɓera ba ya samun gayyata. Tankin ruwa a rufe shi, in ba haka ba an buɗe wa sauro gidan haihuwa. Ɗanyen kashin kaji kuma ba a zuba shi kai tsaye a shuka, yana ƙona ta, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, sai ya yi watanni ya ruɓe tukuna.

Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne wanda ba ya wari. Ƙasar birni tana iya ɗauke da gubar dalma, daga tsohon fenti, daga wuraren fasa batir, daga hayaƙin fetur mai dalma wanda sai a 2021 aka daina sayar wa motoci shi a duniya baki ɗaya. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi yi wa illa. Kajin da ke tonon irin wannan ƙasa suna iya kai ta cikin ƙwai. Gida mai yara tara bai kamata ya yi wasa da wannan ba. In da hali a gwada ƙasar. In babu, a ɗaga fangali a zuba ƙasa mai tsabta daga wani wuri, ko a yi shuka a buhu da bokiti, a kuma wanke komai sosai. Shukar buhu ita ce ma mafitar ɗan haya, ranar tashi ya ɗauki lambunsa ya tafi.

Ruwa kuwa, lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 100, a garin da ke samun milimita 600 a shekara, lita 60,000 ke gangarowa daga kansa, mafi yawa ta bi kwata ta tafi. Wanda ya tare wani kaso ya rage wa unguwa ambaliya, bai ƙwaci na kowa ba. Wanda kuwa zai ja ruwan famfo ya yi ta ban ruwa alhali maƙwabta na layi da jarka, wannan ba zan kare shi ba.

Hukuma ta daina kallon kabeji kamar laifi

A garin Miami Shores na jihar Fulorida, wasu ma'aurata sun shekara 17 suna shuka kayan lambu a gaban gidansu, sai hukumar garin ta kafa dokar hanawa, ta yi musu barazanar tarar kullum. Suka tumɓuke. Suka je kotu ba su yi nasara ba. Sai a 2019 majalisar jihar ta yi dokar da ta hana ƙananan hukumomi haramta irin wannan lambu. Ciyawar ado da ba a ci halal ce, kabeji haram. In ba ƙarfin hali ba, ina hankali a nan?

A gefe guda ga birnin Rosario na Ajantina. Bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 2001, hukumar birnin ta buɗe wa talakawa kangaye da filayen da ba a amfani da su, ta ba su iri da kayan aiki da horo, ta kafa musu kasuwanni. Shirin ya wuce shekara 20 yana tafiya. Abin da nake nema daga kowace hukuma bai wuce wannan ba: ta ƙayyade yawan dabbobi, ta sa ido kan tsabta, ta taimaka da gwajin ƙasa, sannan ta matsa gefe.

Bayan mako biyu na sake komawa gidan ni kaɗai, da lissafina a takarda. Maigida ya duba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, ka karya mini gwiwa."

Uwargida ce ta amsa daga bakin kicin. Ta ce ita tun farko ba ta taɓa ɗaukar maganar shekara biyar ɗin nan da gaske ba. Abin da ta sani shi ne wata huɗu ke nan ba ta aika a sayo ƙwai ba, kuma maƙwabciyarsu da ta fi kowa ƙorafin kaji yanzu ita ke tara musu ɓawon kayan miya, a ba ta latas. Na tambayi zancen ban ruwa. Ta nuna mini wata takarda manne a ƙofar baya, an jera sunaye da ranaku. Sunan maigida ne a ranar Asabar, kuma da alama da wani biro daban aka ƙara shi.